RA'AYINMU: Wane Ne Marar Ɗa'a A Bakin Kanal?

Da wuya a sami ƙungiyar da ta rubuta dokokinta ba ta jefa wata 'yar jimla a ciki ba, cewa za a hukunta duk wanda ya nuna rashin ɗa'a. Kowa sai ya ɗaga hannu ya amince, ba mai tambayar me kalmar take nufi. Mu dai a ganinmu wannan tambaya tana da nauyi ƙwarai, musamman inda abincin mutum ya rataya a wuyan ƙungiya, kamar a filayen noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa yake gangarowa da kansa daga babban kanal zuwa ƙanana har ya kai gona. Watau mai gona a farkon kanal shi ke fara sha, na ƙarshe kuwa sai abin da aka rage masa. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke riƙe da aikin, amma shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 ya ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, aka ɗora musu gyaran ƙananan kanal da tara kuɗin ruwa. Ashe ke nan dokar da suka rubuta ba wasa ba ce.

To, mu ƙaddara mutum biyu. Na farko ya fita da tsakar dare ya toshe kanal da buhun ƙasa, ya juya ruwa zuwa shinkafarsa. Gari ya waye ya zo taro da babbar riga, ya gai da kowa cikin ladabi. Na biyu tumatirinsa ya yi yaushi kwana huɗu, ya zo ransa a ɓace, ya ɗaga murya gaban shugaba. In dokar ba ta faɗi kome ba sai "rashin ɗa'a", kowa ya san wanda za a ci tara. Murya ana jin ta, buhu kuwa ba wanda ya gani.

Saboda haka tilas doka ta ambaci aikin da sunansa. Ashar, da gorin asali ko na talauci, da barazanar duka, da hana mutum ƙarasa maganarsa a taro, duk a rubuta su ɓaro-ɓaro. Haka nan fasa kanal, da shan ruwa a ranar da ba taka ba, da ƙin fitowa gayyar cire kacala, domin wanda ya yi waɗannan ya raina maƙwabcinsa fiye da mai zagi. Sa'an nan a rubuta abin da ba laifi ba ne. Manomin da ya tambayi ma'aji inda kuɗin ruwa ya shiga bai yi rashin kunya ba, ko da kuwa ma'ajin sa'an mahaifinsa ne. Ko dokar Final Kot ta 1960 ba ta kama mutum don kawai ya ɓata wa wani rai; sai in ya ci mutunci da gangan yadda zai iya ta da fitina.

A Balansiya ta ƙasar Sifen, kotun ruwa ta manoma takan zauna kowace Alhamis a ƙofar babbar majami'ar garin, a saurari ƙara da baki a bainar jama'a, kuma alƙalin da ya fito daga kanal ɗin wanda ake ƙara ba ya sa baki a hukunci. Wannan na ƙarshe ya kamata a ara, don shugaban da aka ɗaga wa murya bai dace ya zama mai ƙara kuma alƙali ba.

Da yawa daga cikinmu gobe za su zama malaman gona ko sakatarori, kuma mu za a miƙa wa alƙalami a ce mu tsara dokar. Kafin nan, muna roƙon majalisar ɗalibai ta buɗe namu kundin a zamanta na gaba, ta duba inda aka ambaci ɗa'a, ta gaya mana ayyukan da take nufi.