Gani Ya Kori Ji: Hoton Ɗakin Bahaushiya a Karaye da Rogo

Shekarun baya wata abokiyar aikinmu ta ajiye alli ta rungumi sana'ar ɗaukar hoton adon cikin gida. Masu tsara falo da otal-otal da dillalan kujeru su ne ke ba ta aiki a Kano da Abuja. Da yawa daga cikinmu mun yi mata kallon wadda ta bar ilimi ta bi kasuwa, kuma ni ma ban tsira daga wannan zato ba. Kwanan baya ta nuna mini wani kundi na hotunan da ta ɗauka da kuɗin aljihunta a ɗakunan mata na ƙauyukan Karaye da Rogo. Ban rufe kundin ba sai da na sauya ra'ayi. Abin da nake son in tabbatar a nan shi ne, irin wannan aiki madogara ce ta nazarin al'ada, kuma sassan Hausa na jami'o'inmu sun yi sakaci da shi.

Ginin Bahaushe bai rasa manazarta ba. Hamman Tukur Sa'ad ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Mishigan a 1981, J. C. Moughtin ya fitar da littafinsa a 1985, sannan aka buga juzu'ai uku na Z. R. Dmochowski a 1990. Albarkacinsu muna da hoto da awo na bakan gizo da ɗaurin guga, da na Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina. Sai dai akasarin abin da idonsu ya faɗa a kai fada ce da masallaci da zaure da soro, wato inda namiji baƙo ke iya sa ƙafa. Daga shigifa zuwa ciki, inda mace ke da iko da bango da daɓe, taskarmu ba ta da kauri.

Ƙasar Rogo tana da matsayi na musamman a wannan batu. A Karo da Zarewa Baba ta yi ƙuruciyarta, kuma ita ce ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. Daga bakinta duniya ta ji yadda ake aure da kai amarya da zaman cikin gida a wannan yanki. Amma ji ne kawai. Ɗalibin da ya karanta kalmar jere a yau, abin da zai zo masa a rai shi ne kabad mai gilashi, domin shi ya tashi ya gani.

A nan ne aikin abokiyarmu ya yi rana. Kasancewarta mace ya buɗe mata labulen da ya tsare magabata, ƙwarewarta kuma ta hana ta ɓata abin da ta tarar. Ɗakin ƙasa duhu gare shi, tagarsa ƙarama ce, kwalla da samira kuwa suna mayar da walƙiyar kyamara su kashe launin bango. Saboda haka takan kafa kyamara a kan ƙafa uku ta jira hasken hantsi ya shigo ta ƙofa. Ba ta gusar da ko faifai ɗaya domin hoto ya yi kyau, alhali a aikinta na birni gyara da kawar da kaya shi ne rabin sana'ar.

Hoto guda ya fi tsaya mini a rai. Ɗakin wata dattijuwa ne a ƙasar Karaye. A sama ragaya ce ɗauke da ƙorai, a ƙasa tukwanen jere, bisa su tasoshi da langa, gefe guda gadon ƙarfe mai rumfa da adudu a ƙarƙashinsa, can kusa da ƙofa kuma kular roba da jikarta ta kawo mata. Zamani uku ke nan a bango ɗaya: na ƙwarya da yumɓu, na kwano, da na roba. Mai nazarin tattalin arziki zai ga ajiyar mace, domin kayan ɗaki dukiyarta ce da take iya sayarwa ranar buƙata, kuma da ita take fita idan aure ya mutu. Mai nazarin harshe kuwa zai ga sunaye da ke gab da zama baƙi a bakin yara.

Za a iya cewa hoto ba bincike ba ne, ba ya bin ra'i, ba ya kawo hujja. Gaskiya ne hoto shi kaɗai kurma ne. Amma haka waƙar baka take kafin a naɗe ta a rubuta a yi mata sharhi, kuma ba mu taɓa raina wanda ya naɗo ta ba. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na sirri. Ɗakin mace ba dandali ba ne, kuma hoton da ya hau intanet ba ya dawowa. Abokiyarmu ba ta ɗaukar fuska, ba ta shiga sai da iznin mai ɗaki da maigida, kuma takan koma ta kai wa kowa kwafin nata. Duk cibiyar da za ta karɓi irin waɗannan hotuna wajibi ne ta ɗaure kanta da sharuɗɗan nan.

Lokaci kuma ba ya jira. Madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a ƙasar Karaye a 1992 ta tashi ƙauyuka, mutane suka sake matsuguni. Wa ke riƙe da hoton ɗakunan da ruwa ya ci? Yau bulo da kwanon rufi da tayil suna yin wannan aiki a hankali, gida bayan gida, kuma idan tsohuwa ta rasu, rabon gado kan watsa jerenta cikin kwanaki.

Shawarata uku ce. Cibiyoyin nazarin harsuna da al'adu na jami'o'inmu, da gidajen tarihi irin su Gidan Makama, su buɗe taskar hotunan cikin gida. A haɗa kowane mai hoto da ɗalibin Hausa wanda zai rubuta sunan kowane kaya da asalinsa daga bakin mai ɗakin. Sannan mujallunmu su ware shafuka ga hoto mai sharhi, a tantance shi kamar yadda ake tantance maƙala. Amfanin hakan zai fara bayyana ranar da ɗalibi zai tambayi ma'anar ragaya, malami ya buɗe hoto ya nuna masa.

Ita kuwa abokiyarmu, yabon gwani ya zama dole. Na ɗauka ta bar fagenmu, ashe ta shiga sashen gidan da muka daɗe muna tsayawa a ƙofarsa muna sallama.