Makarantarku Tana Nan, Amma Google Bai San da Ita Ba

Duk mai salula a hannu ya gwada wannan: ya buɗe Google ya rubuta "makaranta a Sabon Gari". Galibin abin da zai fito na Kano ne, ko na Zariya ta jihar Kaduna. Sabon Garinmu na Maraɗi sai an wahala kafin a ji ɗuriyarsa, in ma an ji. A Maraɗi kuma muna da unguwa mai suna Zariya, don haka ko mutum ya haɗa sunayen biyu, Najeriya za a nufa da shi. Haka Tibiri: akwai ta Gobir a nan kusa da mu, akwai wata a jihar Doso. Jiratawa kuwa rubutu uku gare ta: Jiratawa, Djiratawa da Djirataoua.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga malamai da iyaye. Duk watan Oktoba idan za a koma lakwal, akwai ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki daga Yamai ko Damagaram yana neman inda zai sa ƴaƴansa. Akwai ɗan kasuwar da ke Kwatano yana son sanin kuɗin makarantar ƙanensa. Akwai yarinyar da za ta zauna jarrabawar BEPC tana neman bayanin darasin da ya shige mata duhu. Dukansu salula suke fara ɗauka. Idan makarantar kirki ba ta fito ba, wani abu zai fito a madadinta: ko darasin da aka tsara don WAEC, wanda ba shi ne manhajarmu ba, ko shafin ɗan damfara mai alkawarin sayar da tambayoyin jarrabawa.

Ra'ayina shi ne, laifin ɓatan nan yawancinsa namu ne, kuma gyaransa bai fi ƙarfinmu ba. Malamanmu suna rubutu, sosai ma. Sai dai kusan duk abin da suke rubutawa a zaurukan WhatsApp yake ƙarewa. Injin bincike ba ya shiga waɗannan zauruka. Darasin da mushe ya kwana yana shiryawa, mutum ɗari biyu za su gani yau, bayan sati guda ya nutse ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da sanarwar ɗaurin aure. Baɗi wani malamin zai sake zama ya rubuta irinsa daga farko.

Yana da kyau a fahimci yadda abin ke aiki, don babu tsafi a ciki. Google, wanda Larry Page da Sergey Brin suka kafa a 1998 a Amurka, yana da manhajar da ke yawo dare da rana daga shafi zuwa shafi, tana bin mahaɗan da ke kai mutum daga wannan zuwa wancan. Abin da ta karanta sai ta adana a wani babban rumbu. Idan ka yi tambaya, a rumbun nan ake dubawa a jero maka amsoshi. Na can sama wani lokaci talla ce, an biya kuɗi, kuma ana rubuta hakan a jikinsu. Sauran kuwa ba a sayensu. Ana jera su ne bisa yadda suka dace da tambayar, da ingancin abin da ke ciki, da kuma yawan shafukan kirki da suka yi nuni zuwa gare su. Kamar dai mai neman aure ne: abin da ya faɗa game da kansa daban, shaidar da mutanen unguwa suka bayar daban, kuma ta biyun ta fi nauyi.

To me makaranta za ta yi? Na farko, ta mallaki shafi buɗaɗɗe wanda kowa zai iya shiga ba tare da rajista ba. Blogger da WordPress duk suna ba da wuri kyauta, kuma da salula ma ana iya sarrafa su. A kan shafin a rubuta cikakken suna da cikakken wuri: unguwar Sabon Gari, birnin Maraɗi, Jamhuriyar Nijar. Kada a ɗauka kowa ya sani. Makarantar Tibiri ta rubuta Tibirin Gobir. Ta Jiratawa ta kawo rubutun Hausa da na Faransanci duka, ko sau ɗaya ne. Sannan a sa makarantar a taswirar Google Maps, da lokutan buɗewa da lambar ofis. Shi ma kyauta ne.

Na biyu, a rubuta amsar abin da mutane ke tambaya, da kalmomin da suke tambayar. Uba ba ya neman "ingantaccen ilimi mai nagarta". Tambayarsa ita ce: jaka nawa ne kuɗin shekara a ajin CM2? Waɗanne takardu ake kawowa wajen rajista? Ana koyar da Larabci? Yaushe ake tashi ranar Juma'a? Kowace tambaya a ba ta kanunta, a amsa ta kai tsaye a layin farko. Mutanenmu wani ya ce lakwal, wani makaranta, wani ya rubuta da Faransanci. Rubutu mai kyau zai iya ɗaukar duka ba tare da ya zama shirme ba. Amma cusa kalma ɗaya sau talatin don a yaudari injin, wannan tsohon yayi ne, kuma yana iya jawo wa shafi koma baya. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Na uku, a buga rubutu a matsayin rubutu. Mun saba a ɗauki hoton takardar sanarwa da aka manna a bango a ɗora. Hoton yana cinye kuɗin intanet na mai karatu, yana daɗewa kafin ya buɗe a inda layi ke da rauni, kuma injin bincike ya fi gane abin da aka buga da haruffa. Google yanzu yana auna shafi ne bisa yadda yake fitowa a salula, wadda ita ce kwamfutar talaka. Game da haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, a rubuta su daidai, don malami ne ke rubutu. Sai dai a tuna yawancin masu nema "Maradi" suke bugawa, ba "Maraɗi" ba, saboda haka babu laifi sunan ya fito ta fuska biyun.

Na huɗu, a nemi shaidar maƙwabta. Idan gidan rediyon gari ya ba da labarin gasar karatun da makaranta ta shirya, a roƙe su su sa mahaɗin shafin. Idan malamai biyar suna da shafuka, kowa ya yi nuni zuwa darasin ɗan'uwansa mai amfani. Ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da suka fito daga unguwannin nan za su iya zama da kwamitin COGES na yini guda su kafa komai.

Wani zai ce: makarantar da ajinta na zana ne, wadda yara ke zaune a ƙasa, ina ita ina Google? Maganar tana da nauyi, kuma babu shafin da zai maye gurbin aji ko benci. Amma aikin da nake magana a kai ba ya cin kuɗin siminti. Malami ɗaya yake buƙata, da sa'a guda a sati. Kuma makarantar da ake iya samu ita ce tsofaffin ɗalibanta da ke Legas ko Faransa za su iya tunawa da ita ranar da suka yi niyyar taimako.

Akwai kuma abin da ya fi tallar makaranta girma. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Tun 2013 Google Translate ya san Hausa. Duk da haka, yaron da ya nemi bayanin noman rani na Jiratawa, ko tarihin sarautar Gobir a Tibiri, ko yadda ambaliyar Gulbin Maraɗi ta 1945 ta sa gari ya hau tudu, abin da zai samu da harshensa kaɗan ne. Wannan gibi dama ce. Inda masu rubutu da Turanci ke gogayya da dubbai, malamin da ya rubuta darasi mai kyau da Hausa sau da yawa shi kaɗai ne a fili. Ba Google ne zai rubuta mana ba.

Gargaɗi biyu kafin in rufe. Duk wanda ya zo ya ce a ba shi jaka hamsin ya ɗora makaranta a layin farko cikin sati guda, a sallame shi da girma. Kamfanin da kansa ya sha faɗa cewa babu mai iya ba da wannan tabbaci, kuma sakamako kan ɗauki watanni. Na biyun ya fi muhimmanci: abin da injin bincike ya gani, duniya ta gani. Kada a ɗora sunayen yara da makinsu, ko hotunansu, ko lambobin iyayensu. Makaranta ake so a samu, yaran kuwa amana ne.

Iyaye, a taron farko na shekara ku tambayi darakta: idan baƙo ya nemi makarantar nan a salularsa, me zai gani? Malamai, darasi ɗaya daga cikin waɗanda kuka riga kuka rubuta ya isa a fara da shi a wannan satin. Allah ya sa mu dace.