Zauren Kwamfuta: Mu Ƙyale Harafin C

Ƴan uwa ɗalibai, babban faifan kwamfutar gidanmu yana ɗauke da harafin C ne saboda tun zamanin DOS an ware A da B domin faifan fulofi. Idan muka danna maɓallin Windows tare da X, muka shiga Disk Management, za mu iya sauya harafin filashi. Amma na C, inda Windows ke zaune, ba za ta yarda ba, domin manhajoji da shi suke gane mazauninsu. Idan muka tilasta ta cikin Registry, kwamfutar na iya ƙin tashi, aikin makaranta da hotunan gida su maƙale. Kafin kowane gwaji, mu kwafe fayilolinmu a filashi, mu nemi izinin iyaye. Rigakafi ya fi magani.