Kafin Mu Haɗa Kuɗin Kyamarar Tsaro A Auna, Mu Fara Duba Akwatin



Tun bayan sace ɗaliban makarantar Papiri da ke ƙaramar hukumar Agwara a watan Nuwamban 2025, hankalin iyaye da 'yan kasuwa bai kwanta ba a wannan yanki namu. Nan Auna ma ana ta maganar a yi karo-karo a kafa kyamarar tsaro a layin shaguna da ƙofar makarantu. Ina goyon baya ɗari bisa ɗari. Amma ra'ayina shi ne kada a fitar da ko kwabo sai an daidaita a kan inda hoton zai riƙa zama, da wanda zai riƙe mabuɗinsa.

Wani abokina mai shagon kayan masarufi a Kontagora ya kafa kyamara huɗu, ya ajiye akwatin naɗar hoton a ƙarƙashin kanta. Ɓarayi suka shiga ta rufi, suka kwashi kaya, suka haɗa da akwatin. Da gari ya waye kyamarorin na nan a bango lafiya lau, amma babu hoton ko minti ɗaya. Wani kuma na sani, shi akwatin ne ya ƙi saya don rage kuɗi, ya dogara da kallo ta waya. Daren da aka ɗauke masa babur babu sabis.

Ga yadda abin yake. Kyamara gani kawai take yi. Akwatin da ake kira NVR shi ke karɓar hoton ya adana a faifan ajiyar da ke cikinsa, ko da intanet ko babu. Manhajar da ake sa wa a waya ko kwamfuta, irin su Hik-Connect na kamfanin Hikvision ko DMSS na Dahua, ita ke ba ka damar leƙawa daga nesa, ta yi maka ƙara in an ga motsi, ka kuma sauke hoton ka ajiye a wani wuri. Akwati ba manhaja, ɓarawo ɗaya ya isa ya raba ka da shaida. Manhaja ba akwati kuwa, ka jingina tsaronka ga sabis ɗin da kowa ya san halinsa a garin nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, tare ake haɗa su.

Don haka akwatin a ɓoye shi a ɗakin da ba shi ne ake tsaro ba. Wayar da ke haɗa shi da kyamara tana iya kai mita 100, ke nan ana iya ajiye shi a wani gini na kusa. Kyamarar da ke karɓar memori a sa mata, domin in an ɗauke akwati a samu abin dubawa.

Mu kuma yi lissafi kafin mai sayarwa ya yi mana. Kyamara ɗaya mai matsakaicin kyau, in tana naɗa dare da rana, tana cin kusan GB 20 a kullum. Huɗu za su cika faifai mai TB 1 cikin kwana 11 zuwa 12, daga nan na'urar ta fara goge tsohon hoto tana ɗora sabo. Wanda aka yi wa sata ya zauna sai bayan mako uku ya zo neman hoto, ya makara. Ya kamata kowa ya san wannan tun farko, kada gobe a zargi kwamiti da ɓoye gaskiya.

Sai batun wuta. Muna maƙwabtaka da dam ɗin Kainji, amma mun san yadda muke kwana. Ɓarawo kuma duhu yake jira. In ba a sa sola da batirin da zai kai asuba a cikin kasafin ba, gara a rage yawan kyamarorin. Uku masu aiki duk dare sun fi goma da ke mutuwa ƙarfe goma sha ɗaya. A riƙa duba agogon na'urar ma, don hoton da ya nuna ranar da ba ita ba, da wuya ya yi amfani a gaban alƙali.

Abin da ya fi damuna shi ne lambar sirri. Yawanci wanda ya kafa shi ke buɗe asusun manhajar da lambar wayarsa, ya tafi da shi. Ranar da kuka saɓa, ko ya bar gari, ku da kayanku sai kallo, shi kuma yana ganin shagunanku daga inda yake. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban kyamarori da akwatunan naɗa a duniya, don kawai masu su ba su canza lambar sirrin da suka zo da ita daga kamfani ba. A buɗe asusun da layin ƙungiya, a canza lambar a gaban shaidu, mutum biyu ko uku amintattu su riƙe.

Na san wani zai ce kyamara ba ta tare ɗan bindiga. Gaskiya ne, kuma ba za ta maye gurbin jami'an tsaro da 'yan sa-kai ba. Amma tana tona mai fasa shago da ɓarawon babur, tana nuna hanyar da aka bi, tana kuma wanke wanda aka yi wa ƙazafi. Wani zai ce za a riƙa leƙen asirin mutane. Wannan tsoron ma yana kan hanya. Kada a juya kyamara ta kalli tsakar gidan kowa, matanmu na da haƙƙi. Kada kuma a ɗauki fuskar wanda ake zargi a watsa a Facebook ko WhatsApp, mun san yadda taron fushi ke ƙarewa. A miƙa wa hukuma. Tun 2023 Najeriya ke da dokar kare bayanan jama'a.

Mu tuna da Abuja. A 2010 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilar dala miliyan 470 ta aikin sadarwar tsaro da ya haɗa da kyamarori. An kafa turaku, daga baya aka wayi gari akasarinsu ba sa aiki. Kuɗi ba su ne suka yi ƙaranci ba, kula ce babu. Mu da za mu tara namu daga guminmu, a ware kuɗin data da gyara na shekara guda, a naɗa matashin da zai riƙa duba na'urar duk mako, a ba shi ɗan alawus.

A kawo wannan magana zaman ƙungiya mai zuwa. Allah Ya tsare mana Auna, Magama da jihar Neja baki ɗaya. Amin.