Zirin Koriya: abin da itatuwa ke shaidawa

Duk lokacin da aka ambaci zirin Koriya, makaman nukiliya ne ke fara zuwa a zuciya. A wannan mako muna so mu dubi duwatsun zirin, domin itatuwan da ke bisansu, ko rashinsu, suna bayyana irin mulkin da aka yi a kowane ɓangare.

A shekarar 1945, bayan ƙarewar mulkin mallakar Japan, Amurka da Tarayyar Sobiyet suka raba ƙasar gida biyu. Yaƙi ya ɓarke a 1950, aka tsagaita wuta ranar 27 ga watan Yuli 1953 a Panmunjom, amma ba a sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ba.

Koriya ta Kudu ta fito daga yaƙin da duwatsu tsirara. A 1973 gwamnatin Pak Cung-hi, wanda ya yi mulkin kama-karya, ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa na shekara 10. Abin da ya taimaki shirin shi ne magidanta sun samu kwal a maimakon iccen girki, masana'antu kuma suka janye mutanen karkara zuwa birane. Yau kurmi ya rufe fiye da kashi 60 cikin 100 na ƙasar.

A Arewa lamarin ya sha bamban. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, man fetur mai rahusa ya yanke, takin zamani ya yi ƙaranci. Talakawa suka hau duwatsu suna saran icce, suna share gonaki a kan gangare. Da ruwan sama mai yawa ya sauka a 1995, ƙasa ta zaizaye, ambaliya ta cinye amfanin gona, yunwa ta kashe dubban ɗaruruwan mutane. A 2015 Kim Jong-un ya yi shelar gangamin maido da kurmi. Amma ta yaya za a hana mutum sare icce alhali ba shi da abin hura wuta cikin tsananin sanyi?

Tsakanin ƙasashen biyu akwai wani yanki mai tsawon kilomita kusan 250 da faɗin kilomita 4, wanda aka binne wa nakiyoyi, aka kewaye da waya. Da yake manoma da masu gini ba su shiga, daji ya koma yadda yake, gauraka masu jan kai suna sauka kewayensa kowane hunturu. Tsoro ne ke gadin wannan daji.

A watan Afrilu 2018, Kim da Mun Je-in na Kudu suka dasa icce tare a Panmunjom, suka rufe gindinsa da ƙasar dutsen Pektu na Arewa da ta dutsen Halla na Kudu. A 2024 Arewa ta yi watsi da manufar haɗewa, ta tarwatsa hanyoyin da suka haɗa ta da Kudu.

Ruwan da ya gangaro daga duwatsun Arewa ta kogin Imjin, cikin Kudu yake kwarara. Don haka ko ba a sasanta kan makamai ba, ya wajaba mahukuntan biyu su yi magana kan icce da ruwa, tun kafin wata damina ta sake cinye gonakin talakawa.