Igiya ba ta kama wanda bai zo hannu ba

Duk lokacin da aka yi wani mummunan kisa a Maraɗi ko Yamai, magana ɗaya ce ke cika Facebook: a kashe shi kowa ya huta, na baya su ji tsoro. Na fahimci zafin, wallahi. Amma ban yarda da lissafin ba.

Hukuncin kisa yana nan a dokar Nijar, kotuna na yanke shi, sai dai rabon da a zartar da shi tun 1976, zamanin Saini Kunce, kan waɗanda aka kama da yunƙurin juyin mulki. Wasu na cewa wannan sassaucin ne ya lalata mu. To mu leƙa maƙwabta. A 2022 jihar Zamfara ta kafa dokar kisa kan ƴan bindiga da masu satar mutane. An daina? Ku tambayi mutanen Madarunfa da Gidan Runji, su da ke kwana da ido ɗaya saboda masu ƙetaro iyaka.

Wanda ya ɗauki bindiga ya shiga daji ya riga ya saba da mutuwa, kullum yana ganinta. Shi kuma wanda ya daɓa wa abokinsa wuƙa cikin faɗa ko maye, ba ya tuna wani kundin doka a wannan minti. Abin da ke sa mai laifi ya ja da baya shi ne sanin cewa za a kama shi, kuma ba mai buga waya a sake shi. Nan ne muke da rauni.

Za a ce mini ai addini ya zo da ƙisasi. Haka ne, ba na jayayya. Amma ya zo da sharuɗɗa masu tsauri kan shaida, ya kuma bar wa dangin mamaci zaɓin yafewa ko karɓar diyya. Mu fa? Mutum na shafe shekaru a gidan kaso ba a gurfanar da shi ba, talaka ba ya ganin lauya sai ranar shari'a, wani lokacin amsa laifin ma da bulala aka samo shi. Wannan tsarin ne za mu miƙa wa ran mutum? In an ɗaure wani bisa kuskure ana iya buɗe masa ƙofa, wanda aka binne kuwa sai dai a ba uwarsa haƙuri.

Ni abin da nake nema a yi mana: masu bincike da kayan aiki, alƙalai isassu har cikin ƙananan garuruwa, da kariya ga mai ba da shaida, don yanzu ko ya ga komai tsoro ne ke rufe masa baki.