Ruwa Tukuna, Sa'an Nan Zuma

A watan Oktoba na shekarar 2024, sa'ad da tankar mai ta kama wuta a garin Majiya ta Jihar Jigawa, mutum fiye da 150 suka riga mu gidan gaskiya. Kowace jarida ta buga, kowane gidan rediyo ya faɗa, aka yi ta jaje. Allah Ya jiƙansu. Amma akwai wata wutar wadda ba ta shiga jarida, ita kuwa kullum tana aikinta. Ita ce ta cikin gida: yaro mai rarrafe ya jawo kwanon koko ya juye a ƙirji, yarinya ta matsa jin ɗumi bakin zanenta ya taɓa garwashi, uwargida tana suyar ƙosai mai ya fallatso mata, ɗan makaranta ya sauko daga babur salansa ta lashe masa ƙwauri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ƙuna tana kashe mutum wajen 180,000 kowace shekara, kusan kashi biyu cikin uku a Afirka da kudu maso gabashin Asiya. Waɗanda ta bari da rai amma ta naƙasa su sun ninka wannan nesa ba kusa ba. In hunturu ya shigo, aka fara shiga ɗaki da kaskon wuta, abin sai ya ƙaru.

Yawancin ƙunar gida ƙarama ce, wadda in an bi ta yadda ya kamata za ta warke cikin mako biyu, wani lokaci ko tabo ba ta bari. Abin da ke mai da ita babba, sau da yawa, shi ne abin da aka yi mata kafin a gama salati. Kowa ya san yadda akan yi. Yaro ya ƙwala ihu, gida ya cika, kowa ya zama likita. Wannan ta ce a fasa ɗanyen ƙwai, waccan ta ce a kawo manja, wani ya ruga ya ɗauko makilin, tsohuwa ta aika a nemo gashin zomo. Randa tana tsaye a gefe cike da ruwa, ba wanda ya dube ta. A ganinmu nan ne kuskuren yake, domin a cikin dukkan magungunan da Allah Ya ajiye a gidan talaka babu wanda ya kai ruwan randar nan amfani a wannan sa'a.

Ga dalili. Duk macen da ta taɓa tuƙa tuwo ta san in an sauke tukunya daga murhu ba nan take take daina ɓararraka ba. Haka naman mutum yake. An janye hannu daga wuta, amma zafin da ya riga ya shiga yana nan yana ci, yana nitsawa ƙasa. Fatar yaro kuwa ta fi ta babba rashin kauri, don haka ta fi saurin dahuwa. Ruwa mai sanyi shi ke zare wannan zafi, ya rage raɗaɗi da kumburi, ya tsai da ɓarnar inda ta kai. Likitoci a ƙasar Ostareliya sun bi labarin yara 2,495 da aka kai musu da ƙuna, suka buga abin da suka gani a shekarar 2020: yaran da aka zuba wa ruwa mai sanyi har minti 20 sun fi sauran tsira ƙwarai daga aikin yanko fata a liƙa musu.

To, a lura, minti 20 aka ce, na agogo. Tsoma yatsa a kofi a cire bai isa ba. Inda akwai famfo sai a tara wurin a ƙarƙashinsa. Inda babu, watau a yawancin gidajenmu, a ɗauki buta ko moɗa a yi ta kwararawa a hankali, wani yana ɗebowa wani yana zubawa, ko a tsoma gaɓar cikin bokiti ana sauya ruwan in ya yi ɗumi. Ko an makara ba a fid da rai, gama ruwan yana da amfani har zuwa awa uku bayan ƙonewa. Ƙanƙara kuwa a bar ta, tana matse jijiyoyin jini ta ƙara wa fata lahani. Tun ana cikin zuba ruwa a zare zobe da awarwaro da agogo kafin wurin ya kumbura, a tuɓe rigar da ta jiƙe da ruwan zafi, amma ƙyallen da ya manne da nama kada a fizge shi. In ƙaramin yaro ne, wurin ƙunar kaɗai za a sanyaya, sauran jikinsa a lulluɓe, don kada a gudu daga wuta a faɗa hannun sanyi.

Mun san abin da waɗansu za su ce, wai ruwa ne ke sa ƙuna ta tashi ta yi bororo. Wannan magana ta daɗe tana yawo, kuma ta cuci yara da yawa. Zafin da ya ratsa saman fata shi ke ta da bororo, an zuba ruwa ko ba a zuba ba. In ya tashi a ƙyale shi, kada a sa allura ko ƙaya, domin rufi ne da jiki ya yi wa kansa, ba kuwa wani bandeji da ya fi shi tsabta.

Sauran magungunan gaggawa fa? Manja da man gyaɗa da man shanu rufe wurin suke yi su riƙe zafin a ciki, kamar an kifa wa tukunya murfi. Makilin yakan ba da ɗan sanyi-sanyi a fata, shi ya sa ake yabonsa, amma ba ya zare zafi, sai ya bushe ya ƙame a kan ciwon, ranar da malamin asibiti zai kankare shi kuwa ranar ce yaro zai san ya ƙone. Ɗanyen ƙwai yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta. Gishiri da toka da baƙin man injin ba su ma cancanci a tsaya musu ba. Gashin zomo shi ne ya fi samun masu kare shi, domin yakan manne ya bushe, wurin ya yi kamar ya kama warkewa. A ƙarƙashin wannan ɓawo ne mugunya ke taruwa ba wanda ya gani, sai wari ya tona asiri. Mafi muni duka shi ne kashin shanu, wanda har yanzu akan shafa a waɗansu ƙauyuka, gama a cikinsa ne ƙwayar ciwon nan mai sarƙe haƙora da sandarar da jiki take zaune, wanda a asibiti ake kira tetanus. Haka kuma sabon salon da ya shigo, na fasa kafso daga kemis a barbaɗa garinsa a kan ciwo, ɓarnar magani ce kawai.

Kada mai karatu ya zaci muna ƙyamar duk abin da kakanninmu suka sani ne. Akwai ɗaya da aka auna aka ga ya ci jarrabawa, ita ce zuma. Musulmi bai bukaci a gabatar masa da ita ba, tun da an ambace ta a Suratun Nahli. Amma likitoci ma sun gwada ta da idonsu. A shekarar 1988 wani likitan fiɗa na asibitin koyarwa na Jami'ar Kalaba, Dokta Efem, ya ba da labarin majiyyata 59 masu gyambo da raunuka, yawancinsu waɗanda maganin asibiti ya gaza musu, ya yi musu magani da zuma tsantsa, 58 suka sami sauƙi. A 1991 wani likita a garin Solapur na ƙasar Indiya, Dokta Subrahmanyam, ya raba masu ƙuna 104 gida biyu, rabi zuma rabi man asibiti, na zuma suka riga warkewa. A 2015 masanan ƙungiyar Cochrane suka tattara irin waɗannan gwaje-gwaje suka tace, suka ce ƙunar da ba ta cinye kaurin fata duka ba takan riga warkewa da kwana huɗu zuwa biyar in an ɗaure ta da zuma, bisa ga ɗaurin da aka saba. Hikimar kuwa ba ɓoyayya ba ce. Zaƙin zuma ya yi yawa har yana tsotse ruwan jikin ƙwayar cuta, tana da ɗan tsami wanda ƙwayoyin ba sa so, kuma tana hana ƙyalle mannewa da ciwo, sa'an nan ta bar wurin da laimar da sabuwar fata ke bukata.

Amma fa zuma tana da ƙa'idodinta. Bayan ruwa take zuwa, in wurin ya huce sarai. A wanke hannu da sabulu, a shafa ta a kan ƙyalle mai tsabta wanda aka wanke aka goge da dutsen guga, a ɗora, a ɗaure sako-sako, a sauya kullum. Kada a ɗora auduga, zarenta yana shiga ciwo. Kuma sai zumar gaske. Kowa ya san yadda ake dafa sukari a ɗura a kwalba a tsaya bakin tasha ana rantsuwa, irin wannan kuwa ƙuda kawai za ta tara wa mutum. Wadda aka tace aka kashe wa ƙwayoyin cuta musamman domin ciwo ita ce likitoci suka fi yarda da ita, inda ana samunta. Shi kansa likitan Indiyan nan da ya ɗaga darajar zuma, a 1999 ya gwada ta a kan ƙuna mai zurfi, ya tarar aikin fiɗa ya fi ta nesa. Ruwan ganyen alobera shi ma yana sanyaya ƙunar da ta yi ja kawai ba ta saɓule ba. Man kaɗanya kuwa a adana shi sai ciwo ya rufe, a lokacin ne yake tausasa sabuwar fata ya rage ƙaiƙayi. Raɗaɗi kuma farasitamol ya ishe shi.

Duk wannan magana a kan ƙaramar ƙuna muke yinta, saboda haka wajibi ne a san iyakarta. Ma'auninta yana jikin wanda ya ƙone, watau tafin hannunsa haɗe da yatsu, wanda yake kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na fatar jikinsa. Ƙunar da ta fi wannan faɗi ta wuce gida. Haka wadda ta taɓa fuska, ko hannu, ko tafin ƙafa, ko al'aura, ko ta hau kan gaɓa, ko ta zagaye damtse kamar munduwa, komai ƙanƙantarta. Haka ƙunar lantarki da ta ruwan batir, da ta jariri, da tsoho, da mai ciwon sukari. Akwai kuma wata mai ruɗi, wadda wurin ya yi fari fat ko ya yi baƙi kamar ƙirgi, mai ita ya ce ba ya jin zafi. Mutanen gida sai su yi hamdala, alhali rashin zafin nan alama ce wutar ta cinye har jijiyoyin da ke ji. Duk waɗannan a zuba musu ruwa, a rufe da ƙyalle ko leda mai tsabta ba tare da an shafa komai ba, a nufi asibiti. Wadda ake jiyya a gida ma, in ta fara wari, ko mugunya, ko jan ya fara yaɗuwa, ko zazzaɓi ya shigo, ko ta cika mako biyu ba ta rufe ba, jira ya ƙare.

Mun sa hannu cikin wannan lissafi da gangan, kuma malaman makaranta sun fi kowa sanin dalili. Ƙuna mai zurfi in ta warke da kanta tsukewa take yi. Yaron da ya dafa garwashi yana shekara biyu, aka naɗe masa hannu a dunƙule da tsumma, yatsun sukan haɗe su lanƙwashe, ya zo aji ɗaya ba ya iya riƙe alƙalami. Gyaran wannan sai manyan asibitoci irin na Kano da Zariya, da kuɗi mai yawa, da fiɗa wani lokaci ba sau ɗaya ba. Abin da ya jawo shi kuwa an yi shi ne cikin kwana biyun farko, da kyakkyawar niyya.

Akwai wata ƙunar kuma da kunya ke hana kai ta asibiti, ita ce ta wankan jego. Ba mu shiga gardamar al'ada a nan. Roƙonmu ga iyaye mata da ungozomai shi ne a surka ruwan, a gwada da gwiwar hannu kafin a tsoma ganye, na mai jego da na jariri duka.

A zamanin En'e, kafin a mai da ita ƙananan hukumomi a 1976, abin da malamin makaranta ko akawun hakimi ya karanto a jarida shi yakan karanta wa jama'a a ƙofar fada, ta haka kuwa aka yi yaƙi da jahilci a shekarun 1950. Har gobe a ƙauye in abu ya faru wurin mai ilmi ake rugowa. Saboda haka muna roƙon malamai su ware darasi ɗaya na kiwon lafiya kafin sanyi ya kankama, su kawo buta da agogo cikin aji, yara su zuba wa juna ruwa a hannu su ga tsawon minti 20 da idonsu, domin sau da yawa yayar yaro ce ke kusa da shi sa'ad da ya ƙone, ba uwarsa ba. Akawuna kuma su isar da maganar ga dagatai da masu unguwanni da limamai. Shugabannin makarantun kwana su leƙa ɗakin girkinsu, su tabbata akwai randa ko duro cike da ruwa kusa da murhu, da bandeji mai tsabta a akwatin magani, kuma masu dafa abincin sun san wanda za a fara ɗauka.